Da yatsu biyu na koma kan jitar bes

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da yayana, kuma tun tasowarmu shi ne gaba ni ina biye. Shi ya fara kiɗa. Hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ko ina ya zauna sai ya sami abin ƙwanƙwasawa, har mahaifiyarmu ta gaji da tsawatarwa ta zuba masa ido. Da ya zama saurayi wata ƙungiyar makaɗa ta ɗauke shi mai ganga. Ba su da tsayayyen mai kaɗa bes, yau wannan gobe wancan, sai wata rana ya shigo gida da wata tsohuwar jitar bes ta aro, wuyanta ya ɗan karkace, ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Ƙanena, ba wani dogon karatu ba ne. Ka sa wa ƙafata ta dama ido. Inda ta sauka, nan za ka sauka."

Da wannan na fara, da shi kuma na riƙe kaina da iyalina shekara da shekaru.

Ga wanda bai san kayan ba, jitar bes tsirkiya huɗu gare ta masu kauri, ana ɗaure su a kan sautukan da makaɗa ke kira E, A, D da G. Ita ke riƙe ƙasan kiɗa tare da babbar gangar da ake takawa da ƙafa. Tun da kamfanin Fender ya fito da samfurin Precision a 1951 ta fara ture babbar bes ta katako wadda ake kaɗawa a tsaye, saboda ita ana rataya ta a kafaɗa, a jona ta da lasifika ta cika fili. Tsawon tsirkiyarta daga jaki, wato abin da tsirkiyoyin ke hawa kansa a jikin jitar, zuwa ƙarshen wuya inci 34 ne a yawancinsu, don haka gaɓoɓin farko na wuyan, inda ake danna tsirkiya don sauya sauti, suna da faɗi, sai mai buɗaɗɗen hannu ke iya ba kowane yatsa gaɓarsa. Allah ya ba ni irin wannan hannun. Yatsuna huɗu na hagu suna buɗewa yadda nake so, suna gudu ba gajiya. Da sauri aka san ni, saboda shi ake nemana, kuma ina jin daɗin abin ƙwarai.

Rege kuwa yayana ne mai sonta. Yana da tarin kaset-kaset da fayafayai da ba ya ba kowa aro. Yakan zaunar da ni ya ba ni labarin 'yan'uwan nan biyu na ƙungiyar Wailers ta Bob Marley, Aston Barrett a kan bes da ƙanensa Carlton a kan ganga, ya ce ka ga, kamar mu, sai dai su babban ne mai bes. In mutane suka nemi rege a wurin wasa mukan yi musu, in bi shi yadda na saba, in cike duk wani gurbi da na gani. Bai taɓa hana ni ba. Sai dai wani lokaci in muka haɗa ido ya yi murmushi ya ɗaga mini sanda, alamar in sassauta.

Da daddare muna dawowa daga wasa tayar motarmu ta fashe, motar ta ƙwace ta yi ta juyawa. Abin da na iya tunawa ƙarar gilashi ne da nauyin kaya a kaina. A asibiti na farka, hannuna na hagu a naɗe tun daga kafaɗa. Duk wanda na tambaya ina yayana sai ya ce yana wani ɗakin. Mahaifiyarmu ce ta ƙi yi mini ɓoye-ɓoye. Ta zauna a bakin gadon, ta dafa goshina, ta ce, "Ɗana, sai haƙuri. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa." Na buɗe baki in yi salati, muryar ta ƙi fita. An riga an kai shi makwancinsa ina kwance ban san inda kaina yake ba. Rashin ganin fuskarsa ta ƙarshe ya daɗe yana cin raina fiye da ciwon da ke jikina.

Sai da kumburi ya saɓe aka gane girman abin da ya sami hannun. Gilashi ya yanke ni ta ciki, kusa da gwiwar hannu, ya datse jijiyar da ke bi ta wurin, wadda in mutum ya bugi gwiwar hannunsa yake jin kamar lantarki ya ja shi har ƙaramin yatsa. Likita ya zana mini a takarda. Ya ce wannan jijiyar ita ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe, ita kuma ke motsa ƙananan tsokokin cikin tafin hannu masu buɗe yatsu da haɗe su. Ya ba ni wata 'yar takarda ya ce in maƙale ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya ja a hankali. Ta zare kamar ba a riƙe ba. Na sake gwadawa da dukkan ƙarfina, babban yatsan ya lanƙwashe yana neman taimako, ta sake zarewa. A nan na fahimci abin da zanen bai fahimtar da ni ba.

An yi tiyata an ɗinke jijiyar. Aka ce mini ɗinkin hanya kawai ya gyara, jijiyar da kanta za ta sake tsirowa daga inda aka yanke, kuma tafiyarta wajen milimita ɗaya ce a yini, kusan inci ɗaya a wata. Na dubi tazarar da ke tsakanin gwiwar hannuna da yatsuna na yi lissafi, jikina ya yi sanyi. Duk zuwan da na yi, likita yakan bi hannun yana ƙwanƙwasawa da kan yatsansa daga ƙasa zuwa sama, inda na ji tsirr sai ya sa alamar biro. Alamar nan ce kaɗai labarin da nake jira a rayuwata a lokacin. Wani zuwan ta matsa, wani zuwan kamar tana nan inda take.

Kafin jijiyar ta iso, hannun ya canza kama. Yatsan zobe da ƙaramin suka tanƙware suka ƙi miƙewa. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta bayan hannu ya zaizaye ya bar rami. Sa maɓallin riga ya zama aiki, murɗa makulli sai da hannun dama. Da dare yatsun da ba sa jin taɓi su ne ke yi mini zugi kamar an sa su a wuta. Na koyi tafiya da hannu a aljihu. Jitar na tura ta ƙarƙashin gado cikin jakarta, na ce wa matata kada ta ƙara ambata mini ita. Ko kiɗa na jiyo daga nesa sai in sauya hanya, musamman in da ganga a ciki, don kunnena ba ya iya daina neman ƙafar yayana a cikin kowane bugu.

Akwai tunanin da ban faɗa wa kowa ba sai daga baya. A kujerar da ya zauna ni na saba zama. A daren nan ya ce in koma ciki in ɗan rintsa, shi zai zauna bakin taga. Na san ajali ba ya kuskure, na san ƙaddara ce, ina faɗa da bakina kullum, amma zuciya ba ta karɓa rana ɗaya. Matata ce ta fara gane ba ciwon hannu ne kaɗai ke hana ni barci ba. Ba ta matsa mini da tambaya ba. Takan tashi ta zauna kusa da ni, ta ɗauki hannun tana miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda masu gashin ƙashi suka nuna mata, har in yi magana don kaina.

Da abin hannunmu ya ƙare, wani mai situdiyo ya kira ni in riƙa shigar masa da bes ta kibod da hannun dama. Ba sabon abu ba ne a duniyar kiɗa. A Jamaika ma tun 1985, da aka ciro wani zubi, wato gajeren tsarin kiɗa da ake ta maimaitawa, daga ƙaramin kibod na Casio MT-40 a situdiyon King Jammy ya karaɗe ƙasar, na'ura ta karɓe aikin masu bes da yawa. Na yi aikin, na gode wa Allah da na same shi, ya rufa mana asiri. Amma ina danna maɓallan ne kamar mai cike takarda, ina gamawa in fita, ba na tsayawa sauraron abin da na yi.

Ana nan sai matar yayana ta aiko mini da kwalin kaset-kaset ɗinsa da sandunansa, ta ce ni ya fi dacewa in riƙe. Ba a daɗe ba dattijon da ya koya wa yayana ganga ya zo duba ni. Baba muke ce masa. Ya daɗe yana kaɗa rege tun ƙuruciyarsa, mutum ne marar yawan magana. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce, "Ɗana, fito da hannun nan in gani." Na fito da shi ina jin nauyi. Ya juya shi, ya matsa manuni, ya matsa na tsakiya, ya ce in tura hannunsa da su. Ya ce, "Waɗannan biyun suna da rai." Na ce, "Baba, me yatsa biyu za su yi a kan bes?" Ya ce, "Ka zo da ita ran Asabar. In ba su yi ba, ni da kaina zan maido maka da ita gida."

Kunyarsa ce ta kai ni. Ɗakin gwajinsa ƙarami ne, ganguna a lungu, tsohuwar lasifikar bes mai faɗi a jingine da bango. Ya ce kada in taɓa tsirkiya tukuna, in saurara. Ya fara salon da 'yan Jamaika ke kira wan-dirof, wanda aka fi danganta shi da Carlton Barrett. Hannun dama yana ta ƙananan bugu a kan faifan ƙarfe, yana ƙirgawa da baki, ɗaya, biyu, uku, huɗu. A kan uku ne kawai ƙafa ke sauka, tare da sanda a kwance tana buga bakin ƙaramar ganga, ƙwas, su biyun a lokaci guda. Biyu da huɗu na mai ƙaramar jita ne da mai kibod, su ke sarar su a gajarce. Ɗaya kuwa, inda kowane irin kiɗa da na sani yake dira da ƙarfi, babu kowa a wurin.

Ya ce in shigo. Idona ya tafi kan ƙafarsa ta dama, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Ɗaya ta zo, ƙafar ba ta motsa ba. Na tsaya da yatsa a kan tsirkiya ina jira a nuna mini inda zan sauka, ba wanda ya nuna mini. Ɗaya ta sake zagayowa, ta sake wucewa. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, irin wanda ban yi ba a asibiti, ban yi ba a zaman makoki. Baba bai tsaya ba, bai kuma kalle ni ba. Ya rage ƙarfin hannunsa ya ci gaba da riƙe bugun har na share fuskata. Sannan ya ce, "Nan wurinka ne. In ka ga dama ka taka shi, in ka ga dama ka bar shi. Amma kai za ka yanke, ba ni ba."

Ranar sauti uku kawai ya yarda in kaɗa. Ya nuna mini abin da na daɗe da sani amma ban taɓa buƙata ba. A jerin sautukan da makaɗa ke kira A maina, sautuka biyar da aka fi gina tafiyar bes a kansu, wato A, C, D, E da G, duk suna nan a bakin wuya ba tare da buɗe hannu ba. Tsirkiyoyin huɗu a sake suna ba da E, A, D da G. Gaɓa ta uku a kan tsirkiya mafi kauri G ce, a kan ta biye da ita C ce. Gaɓa ta biyu a kan sauran biyun E ce da A. Manuni ya tsare gaɓa ta biyu, na tsakiya ya tsare ta uku, shi ke nan. Na kaɗa A a sake, na taka C, na sauko G, na yi shiru. Hannun ya yi rawa, tsirkiyar ta yi zizar ƙarfe don ban danne ta sosai ba, amma sautin ya fita, ya zauna a kan gangar Baba.

Kada wani ya ɗauka rege sauƙi ne da ita shi ya sa ta karɓe ni. Abin da ta rage mini a hannun hagu ta ninka mini a kunne da hannun dama. Tsirkiyar da aka kaɗa a sake ba ta yin shiru don kanta, sai an kashe ta, kuma a rege inda sauti ya ƙare daidai yake da inda ya fara wajen muhimmanci. Ka bar shi ya zarce kaɗan, ya hau kan saran mai jita, kiɗan ya cakuɗe. Ka yanke shi da wuri, ya zama tsalle-tsalle, nauyin ya tafi. Da can yatsun hagu ke yi mini wannan aikin ban ma sani ba. Yanzu sai na koyi kaɗawa da naman babban yatsan dama, gefen tafin hannu yana kwance kusa da jaki, ina danne tsirkiya ina sakinta kamar mai numfashi. Watanni na yi a kan tsawon sauti kaɗai.

Sai kuma zama a bayan bugu. Baba yakan ce kada in riga shi, kada kuma in makara, in zo kamar wanda ya san ba za a tafi a bar shi ba. Tazarar ba ta kai a ƙirga ta ba, amma ita ke sa kiɗan ya kwanta. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gudu, jikinsa gaba yake ja. Da na ji gurbi sai yatsuna su yi ƙaiƙayi. Ga shi zubi ɗaya mai tsawon ƙirga takwas za ka yi ta maimaitawa minti shida ko bakwai ba ƙari ba ragi, kuma na ƙarshe ya fita da nauyin na farko. A cikin wannan maimaicin babu inda tunani zai ɓuya. Sau da yawa yayana yakan faɗo mini a tsakiyar zubi, in ji maƙogwarona ya cushe, in ci gaba da kaɗawa a haka. A hankali na iya ɗaukar tunaninsa da bugun tare, ba tare da ɗayan ya kayar da ɗayan ba.

Amon ma sai da muka sake shi. Na murɗe abin ƙara kaifi har ƙarshe, na koma ɗaukar sauti daga maganaɗisun da ke kusa da wuya, na matsar da hannun dama can wajen ƙarshen wuyan inda tsirkiya ta fi laushi. Baba ya yanko soso ya cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin a gindin jaki don su daina dogon amo. Muka cire tsirkiyoyi masu kaushi muka sa masu santsi, irin waɗanda Aston Barrett ya yi suna da su a kan Fender Jazz ɗinsa. Abin da ya rage amo ne mai kauri, marar ƙara, wanda ƙirji ke riga kunne ji. E ta ƙasa tana karkarwa wajen sau 41 a daƙiƙa, shi ya sa masu manyan lasifikan titi na Kingston suka gina harkarsu a kanta. Ni kuma wannan ya yi mini rana ta wata fuskar. Da yake rabin hannuna ba ya ba ni labarin abin da yake yi, sai na koma tsayawa dab da lasifika, bayana yana kusan taɓa ta. Ta jikina nake sanin sautin ya cika ko bai cika ba.

Da dare na fara buɗe kwalin yayana. Na bi kiɗan tun daga tushe yadda ya jera shi. A zamanin ska, farkon shekarun 1960, Lloyd Brevett na ƙungiyar Skatalites yana tafiya ne da babbar bes ta katako, taku huɗu a kowace ƙirga, ba tsayawa. Wajen 1966 kiɗan ya lafa ya zama rokstedi, bes ta lantarki ta karɓi wurin, masu kaɗa ta irin su Jackie Jackson a situdiyon Treasure Isle da Leroy Sibbles a Studio One suka fara barin gurabe, suna rera wata 'yar waƙa tasu a ƙarƙashin ta mawaƙi. Zuwa 1968 rege ta fito da sunanta. A wurinsu tafiyar bes ita ce shaidar kiɗa, zubi ɗaya mai kyau mawaƙa da dama za su hau kansa shekara da shekaru, kowa da waƙarsa. Da na kai kan fayafayan dob na King Tubby, inda ake zare murya da jita a bar ganga da bes tsirara, na riƙa ƙirga sautukan da ke cikin zubin da ya fi girgiza ni. Sau da yawa ba su wuce huɗu ko biyar ba. A gefen wasu kaset ɗin akwai rubutun hannun yayana, ya sa alama a kan waƙoƙin da yake so, wasu ya rubuta sunana a gefensu. Bai taɓa nuna mini ba.

Ba kowane mawaƙi ke waƙa a A maina ba, don haka dole na bar bakin wuya na koyi hawa sama, daga gaɓa ta bakwai zuwa ta goma sha biyu, inda gaɓoɓin suka matsu kuma tsirkiyoyi masu kauri ke ba da amo mai nauyi. Inda da nake miƙa yatsa, yanzu hannun gaba ɗaya nake zamewa da shi. Duk da haka inci 34 ya yi wa hannun yawa, in na yi awa guda sai ya ƙage. Baba ya tuna mini cewa Robbie Shakespeare, wanda a wurin Aston ya koyi bes, ya yi aiki da bes ƙirar Höfner, mai gajeren wuya wajen inci 30. Shawarar a fili take, amma ta yi mini nauyi. Jitar da zan bayar a musanya ita ce wadda yayana ya cika mini kuɗinta, shi ya raka ni muka zaɓo ta. Na yi ta juya maganar har na kai wa mahaifiyarmu. Ta ce, "Don ka kaɗa ya saya maka, ko don ka ajiye?" Na cire maɗaurin kafaɗarta na riƙe, na ba da ita.

A cikin 1987 aka harbe Carlton Barrett a ƙofar gidansa a Kingston. Aston ya ci gaba da kaɗa bes shekaru masu yawa bayan haka, sai a 2024 ya rasu yana da shekara 77. Da yayana ke ba ni labarinsu, wannan ɓangaren ban taɓa tsayawa a kansa ba. Daren da zan koma dandamali karo na farko Aston na kwana ina tunani, yadda mutum zai juya bayansa ya ga wata fuska a kan kujerar ganga. Baba ne ya zauna mini a kujerar. A tsakiyar waƙa ta uku mawaƙin ya ɗaga hannu, kowa ya janye, aka bar mu mu biyu. Gwiwoyina suna kaɗawa. Na bar ɗaya ta wuce, na shigo bayanta, na riƙe zubin. Na ga mutane sun daina kallon dandamali, kowa ya sunkuyar da kai yana rangaji. Ba wanda ya kula da hannuna.

Ga duk wanda irin wannan rauni ya sama, makaɗi ne ko tela ko makanike, abin da na gani da idona shi ne jijiya ba ta son jinkiri. Tsokar da ta rasa jijiyarta ba ta jira har abada, in an daɗe ba a gyara ba ko jijiyar ta iso daga baya ba lallai ta tarar da abin motsawa ba. Masu ba da shawara za su yi yawa, kowa da maganinsa, amma likitan da ya san aikin hannu shi ya kamata a fara nema, da wuri. Robar da aka ɗaura mini don kada yatsun su ƙage a tanƙware ta dame ni ƙwarai, atisayen gashin ƙashi kuma yana da gundura, sai dai su suka sa da jijiyar ta iso ta sami gaɓoɓin suna lanƙwasuwa. Ciwon zuciyar ma yana son a faɗe shi ga wani. Ni da na yi shiru da nawa ban ga ya ragu ba.

Alamar biron ta sauko har wuyan hannu, ta shiga tafi. Ji ya dawo a yatsan zobe, ko da yake kamar ta cikin safar hannu nake taɓa abu. Ƙaramin har yau ba shi da ƙarfi, in gari ya yi sanyi yakan yi mini tsami, ramin bayan hannun ma bai cike duka ba. Saurin da aka san ni da shi bai dawo ba, kuma akwai ranakun da nake kewarsa sosai, musamman in na ga yaro yana yawo a kan wuyan jita yadda nake yi da. Salon sitefas, inda ƙafa ke sauka a kan kowane ɗaya daga cikin bugu huɗun kuma bes ke yawan tsalle daga sauti zuwa ninkinsa na sama, har yanzu yana gajiyar da ni kafin a kai ƙarshen waƙa.

Yanzu da ƙungiyar rege nake aiki, Baba ya tsufa ya miƙa kujerar ga wani almajirinsa, shi yana zuwa gwaji ya zauna ya gyara mana. Wata mai zuwa za mu shiga situdiyo, kuma biyu daga cikin waƙoƙin mawaƙin ya sauke su rabin mataki don su dace da muryarsa, abin da ya raba ni da tsirkiyoyin sake. Ina iya sassauta ɗaurin dukkan huɗun rabin mataki in kaɗa yadda na saba, ba wanda zai gane a faifai. A ɗaya zan yi hakan, don zubinta yana buƙatar amon tsirkiya a sake. A ɗayar kuwa na shirya zubin a gaɓa ta huɗu zuwa ta shida yadda sauti guda zai faɗa a kan yatsan zobe. Na nuna wa mai gashin ƙashi motsin, ta ce in yi, amma in riƙa hutawa da zarar ya fara zugi. Na roƙi 'yan ƙungiya su ƙara mini kwanakin gwaji kafin ranar, sun amince.